Muryar Kamaruddeen a Gidan Ƙarfe

A gyara zama, a kori kaji, a rage rediyo! Ga Madu ɗan Bukar, jikan fataken kanwa, sarkin toka na Unguwar Kanwa, dodon ƙwaron wake, mai gona uku da jaki guda. Bai taɓa danna kwamfuta da yatsansa ba, amma ya riƙe hannun mai gyaranta a tsakiyar birnin Kano ya koya masa aiki. Ni Basiru, Bafulatani, ni ne ubangidansa tun kaka da kakanni, ko da yake shi da yake Babarbare ne cewa yake kakana ya yi wa kakansa kiwon awaki. Makarantar da na baro a aji biyar ba ta bar min komai ba sai baki da ɗan rubutu, to da su zan ba ku labarinsa.

Unguwar Kanwa tana tsakanin Bagwai da Shanono, inda gona ke manne da gona, har in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka zai amsa maka daga tasa. Kakan Madu ya zo daga gabas cikin ayari, raƙuminsa ya durƙusa a nan ya ƙi tashi, shi kuma ya ce inda raƙumi ya zaɓa ba ya jayayya. Abin da ya bar wa zuri'arsa bai wuce wani jan wake ba, mai ƙananan ƙwaya da saurin nuna, wanda har yau ba a samun irinsa a kasuwa sai a hannun Baba Madu.

Madu yana ɗan shekara tara gobara ta cinye rumbun mahaifinsa da rana tsaka, da abinci da iri duk a ciki. Da waken ya ƙare ke nan a duniya, ba don wata gwaggonsa mai dogon hannu ba, wadda ta ɗebi tafi uku a ɓoye ta tafi da shi gidanta za ta yi alala, Allah bai nufe ta da samun manja ba. Da wannan satar aka sake tayar da irin. Tun daga nan Madu ya ɗauki doka biyu. Ta farko, ajiya ɗaya ba ajiya ba ce: duk kaka sai ya kasa irinsa, kashi a gora cikin toka a ɗakinsa, kashi a rataye inda hayaƙin murhu ke bugunsa, kashi kuma ya ɗora a jaki ya kai wa ƙanwarsa Falta da ke aure a Shanono. Ta biyu, ba a cin iri. Ko yunwa ta sa kana ganin mutum biyu a wurin mutum ɗaya, ba a ɗanɗana shi.

Ɗansa namiji guda ne, Kamaruddeen, kuma bai gaji toka ba. Hoto ya koya. Ranar kasuwar Bagwai yakan kafa farin ƙyalle a jikin bangon wani shago, ya ajiye benci, ya zaunar da duk mai neman hoton fasfo, na takin gwamnati ne ko na makaranta ko na tafiya Makka. Yana da ƙaramar kyamara da wata laftof 'yar Kwatano wadda ta girmi wasu amaren. Shekara takwas yana wannan aiki, har ya zama babu gidan da fuskar wani daga cikinsa ba ta shiga laftof ɗin nan ba.

A daminar da ta wuce da shekara uku zazzaɓi ya kwantar da shi ranar Litinin, ranar Alhamis aka yi masa sutura. Uwarsa dama ta riga shi. Wayarsa ta ɓata a hidimar asibiti. Aka nemi hotonsa ko guda aka rasa, sai na wani kati da ruwa ya cinye har ya koma kamar inuwa. Mutumin da ya ɗauki fuskar kowa bai bar tasa ba, domin kullum shi ne a bayan kyamara. Baba Madu ya naɗe laftof ɗin a tsohon zane ya saka a akwati, bai ƙara bi ta kanta ba.

Rashin hoton bai dame shi ba, don fuskar ɗansa tana nan a idonsa. Abin da ya tayar masa da hankali ya same shi ne bana, da hantsi, yana maimai a gonar wake. Da can in Kamaruddeen zai wuce a babur ta hanyar gefen gona, yakan ɗaga murya ya ce, "Baba, a bar wa gobe nata!" Ranar sai Baba Madu ya miƙe ya dafa ƙugu, ya nemi jin kiran nan a ransa kamar yadda ya saba. Kalmomin suka zo, amma da muryar wani. Ya sake gwadawa, suka zo da muryar ladanin unguwa. A karo na uku da tasa muryar suka zo. Ya tsaya riƙe da fartanya yana kallon hanya, babu kowa sai rana da ganyen dawa na motsi. Ya gane cewa wani abu na cin ajiyarsa daga ciki, yadda ƙwaro ke cin wake ya bar ɓawo lafiya lau, kuma wannan ajiyar wuri ɗaya ya yi ta.

A nan ya tuna wata ranar kasuwa da ya zauna a bencin nan don hoton taki. Kamaruddeen ya danna, ya duba, ya fashe da dariya ya ce ya yi kuskure, bidiyo ya ɗauka a maimakon hoto. Ya ce ba zai goge ba, zai ajiye don ya riƙa tsokanarsa. In dai bai goge ɗin ba, to muryar tana cikin akwati, naɗe a zane.

Ya kai laftof ɗin wurin Sabo mai shagon caji a Bagwai, wani mai furfura a gemu da ya yarda duk abin da ke da waya a jiki ya san kansa. Sabo ya jona, ya danna, ya hura, ya ɗan mare ta a gefe. Shiru.

"Baba, wannan ta bi mai ita," in ji Sabo. "Amma ba a nan take ajiya ba." Ya kwance ƙusoshi ya zaro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu. "Ka ga wannan, had-dis sunansa. Shi ne rumbun. In yana da rai, kesin kawai za a nema masa, wato ɗan gidan da za a zura shi a ciki a jona da wata kwamfutar."

Ya jawo wani kesin na roba mai sheƙi daga kwali, ya zura had-dis ɗin, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Sai ya ɗora gwiwar hannu zai danna da ƙarfi.

"Kul!" in ji Baba Madu. "Haka kake sa wa jariri riga?"

"Sabo ne, Baba, shi ya sa yake gardama."

"Sabo kai ne. Ba ni nan."

Ya ɗaga ƙarfen a hasken ƙofa, ya ga bakinsa da ƙananan haƙora jere layi biyu kamar matsefi, ya leƙa cikin kesin ɗin ya ga bakinsa shafe, babu ramin da haƙori zai shiga. Bai san sunan komai a ciki ba, amma ya san ba a haɗa ƙota da ruwan fartanyar da ba nata ba. Ya koma gida, ya shimfiɗa auduga a ƙaramar ƙwarya, ya kwantar da had-dis ɗin, ya rufe da faifai ya ɗaure da tsumma.

Washegari ya hau mota ta Bichi. Rabonsa da birni shekara goma sha ɗaya. Da suka kusa shiga, ta gefen Ungogo, ya ga gonakin da ya sani da gyaɗa sun tsiro bulo. Ƙwaryar tana kan cinyarsa, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ɗaga ta sama da hannu biyu, har wata mata ta tambaye shi ko ƙwan zabi ne. Ya ce ya fi.

A layin 'yan kwamfuta aka nuna masa shagon Malam Abdulbasit, wani siriri mai tabarau da ake kai wa tsofaffin kaya. Abdulbasit ya kwance tsumma, ya ɗaga faifai, ya yi murmushi.

"Baba, a ƙwarya? Fura ce?"

"Duba bakinsa tukuna ka yi min dariya."

Abdulbasit ya duba ya daina murmushi. "Tsohon yayi ne, mai haƙora. Na yanzu duk shafaffen baki gare su. Wa ya lanƙwasa wannan haƙorin?"

"Wani mai gemu."

Abdulbasit ya miƙar da haƙorin da bakin hantsaki a hankali, sannan ya shiga ciki ya daɗe yana motsa kwalaye. Ya fito da kesin iri uku ya jera. Babban ya ture gefe, ya ce na had-dis ɗin kwamfutar tebur ne, sai an ba shi wutarsa daban. Saura biyu ƙanana masu bakin da ya dace, ɗaya roba ɗaya ƙarfe. Baba Madu ya ɗauki kowanne ya ƙwanƙwasa da farce kusa da kunne, yadda ake zaɓen tulu.

"Abin nan yana zafi in yana aiki?"

"Sosai."

"Wanne ke riƙe zafin?"

"Robar. Ƙarfen yana fitar da shi."

"To me ya kawo robar gabana? Iri ma zafi ke kashe shi."

Aka zura had-dis a na ƙarfen, ya shige kamar an auna, aka ɗaure ƙusa biyu, aka jona kebul. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama. Baba Madu ya ɗora yatsa a kan ƙarfen ya ji wani abu yana juyawa a ciki, siririn motsi kamar ƙirjin tsuntsu. Shekara uku abin nan yana kwance a duhun akwati. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

Sai ƙarar ta zo. Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas.

Abdulbasit ya cire tabarau. "Baba, zan gaya maka gaskiya. Kesin gida ne kawai, ba ya warkar da mai ciwo. Wannan ƙarar ta mai shirin tafiya ce. Zai iya kai awa guda, zai iya tsayawa kafin ka gama salati. Me kake nema a ciki?"

Baba Madu ya gaya masa. Abdulbasit ya danna, allon ya cika da fuskoki.

Ɗaruruwa ne, ƙanana ƙanana, kowacce a gaban farin ƙyallen nan, ba suna sai lamba. Baba Madu ya matso. Ga Liman tsoho da aka binne bara. Ga mijin Hure mai ƙosai, da hularsa a karkace yadda ya saba. Ga wata yarinya da kyanda ta ɗauka. Ga masu rai ma, amma da ƙuruciyar da ta riga ta bar su. Babu mai murmushi, don an hana dariya a hoton fasfo. Abin da ya fi taɓa ransa shi ne dukkansu wuri ɗaya suke kallo, ɗan sama da kyamara kaɗan, inda fuskar Kamaruddeen take. Unguwa guda, rayayyu da matattu, sun zuba wa ɗansa ido, shi kaɗai ne ba a gani.

"Bidiyo goma sha ɗaya ne," in ji Abdulbasit. "Bari mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya mu ga wanne ne naka."

Ƙas, ƙas.

Hannun Baba Madu ya sauka a kan nasa. "Buɗewar tana rage masa kwana?"

"Duk abin da ya karanta yana rage masa."

"In ka buɗe mun ji, ya mutu, me ya rage?"

"Ka dai ji."

"Sau ɗaya. To ba a cin iri. Kwashe su duka ka zuba a naka rumbun, kada ka buɗe ko guda."

"Baba, in kuma ya tsaya a tsakiya, ko sau ɗayan ba ka samu ba fa."

Baba Madu ya san haka. Muryar tana nan, tazarar danna yatsa ɗaya, kuma kunnensa ya fi mai azumi ƙishi. Duk da haka ya ce, "Kwashe."

Wani koren layi ya fara tafiya a allon. Ya yi gaba, ya tsaya, ƙarfen ya yi ƙas, ya sake motsawa. A bidiyo na bakwai ya tsaya har aka kira azahar a masallacin layin, babu wanda ya tashi a cikinsu. Baba Madu yana jan carbi, idonsa a kan 'yar fitilar. Layin ya yunƙura ya wuce. Da na sha ɗaya ya shiga, Abdulbasit ya saki numfashi ya kai hannu zai buɗe.

"Saura mutanen," in ji Baba Madu.

"Wane mutane?"

Ya nuna fuskokin da haɓa. "Su ma suna da masu nemansu."

Aka shiga kwasar hotuna. Sun yi sallah sun dawo ana yi. Kusan kashi biyu cikin uku sun haye lokacin da ƙarfen ya yi wata doguwar ƙara kamar an ja ƙusa a kan kwano, juyawar ta tsaya. Fitilar tana nan shuɗiya, amma da Baba Madu ya ɗora yatsa babu motsi. Ya yi innalillahi a hankali, kamar yadda ake yi wa mutum.

Ko a lokacin bai yarda a buɗe ba. Ya ce abin da ke kwamfutar shago ajiya ɗaya ce, kuma a gidan wani. Ya sa aka nemo had-dis biyu masu lafiya na sabon yayi, aka gwada su a gabansa, aka sa kowanne a kesin ɗin ƙarfe mai shafaffen baki, aka zuba komai a cikin kowanne. Ya sa aka cire na farko aka jona na biyu, aka ƙirga bidiyo sha ɗaya a nan, sha ɗaya a can. Sannan ya gyara hula ya ce, "Bismilla."

Na farko taron suna ne. Na biyu wani rago ne da aka ɗauka ta kowane gefe. Na uku ƙasa ce da ƙafafun mutane. A na takwas farin ƙyalle ya bayyana, da wani tsoho a benci ya ɗaure fuska kamar an kawo shi gaban alƙali. Baba Madu bai gane kansa ba sai da muryar ta fito daga bayan kyamara.

"Baba, ɗago haɓa kaɗan. Haba Baba, saki ranka mana, ba sammaci aka kawo maka ba."

Siririya ce, ta fi yadda yake zato, da ɗan kaushi a ƙarshen kalma irin na uwarsa. Yadda ya manta da wannan kaushin, bai sani ba. Sai tsohon da ke benci ya buɗe baki ya ce, "Yi maza ka sallame ni, ina da abin yi." Dariyar Kamaruddeen ta tashi, hoton ya girgiza, ya yanke. Daƙiƙa tara ne duka.

Abdulbasit ya sami abin dubawa a ƙarƙashin tebur. Baba Madu ya ƙura wa allon ido. Ya zo neman muryar ɗansa, ya same ta, amma a ɗaure da tasa, kuma abin da ya faɗa ke nan. Ya yi ta lalube a ransa ko wane aiki ne yake sauri ya je ya yi a ranar, bai tuno ba.

"Ana iya yanke ƙarshen," in ji Abdulbasit daga ƙasan tebur. "A bar nasa kawai."

"In ka yanke nawa, dariyar me zai yi? Bar shi. Sake sa min."

Yanzu kesin ɗaya yana ɗakinsa, a gwangwanin madara mai murfi, nesa da danshi da rana. Ɗayan yana Shanono a ƙasan adakar Falta, gefen gorar wake. Mataccen had-dis ɗin bai yar ba, yana nan a gidansa na ƙarfe a cikin ƙwaryar da ya je birni da ita. Da aka tambaye shi amfaninsa ya ce akwai kashi ɗaya cikin uku na mutanen unguwa a ciki, ba zai zubar da su a juji ba.

Kamar yadda yake jiƙa ƙwaya goma a tsumma kafin shuka don ya ga ko irin na da rai, haka ya ce zai riƙa ɗaukar kesin biyun duk kaka ya kai shagon Sabo a jona a gani. Ya riga ya kai sau ɗaya, kuma Sabo bai taɓa komai ba sai da aka ba shi izini. Labari ya bazu. Hure mai ƙosai ta zo aka nemo mata mijinta aka wanke mata, ta riƙe hoton ta ce, "Ko a nan ma bai gyara hular ba," sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Wasu sun zo an duba har ƙarshe ba a sami nasu ba. Irin waɗannan Baba Madu yakan raka su har bakin hanya.

Wani lokaci yana tsakiyar gona da rana sai ka ga ya tsaya cak ya karkata kai. Ya ce min ƙarar nan yake ji, ƙas, ƙas, wani sa'in daga cikin karan dawa, wani sa'in daga gorar iri. Yakan je ya zazzage waken ya duba, ba ƙwaro ko ɗaya. Kiran gefen hanya kuwa ya dawo masa da muryar mai shi, sai dai duk sanda ya zo, amsar nan da ya bayar a benci tana biye da shi.

Jiya na same shi a gindin ɗorawa yana tankaɗe toka. Na tsuguna na ce, "Bawana, albishirinka. Na rubuta tarihinka kaf, daga raƙumi har kesin. Na sa maka sarkin toka, na sa maka dodon ƙwaro. Jikokin jikokinka za su karanta su san an yi mutum a Unguwar Kanwa."

Bai ɗago ba. "A ina ka rubuta, ɗan Fulata?"

"A wayata."

"Sai ina?"

"Nan ɗin dai."

Ya buga rariya a gefen ƙwarya ya ce, "To ba ka rubuta komai ba. Matsa, ka tare min iska."